TARIHIN JIMA A ƘASAR TARKA: DAGA FATAR BAREWA ZUWA FATAR AKUYA

  

A wannan fitowa, filin tarihi zai yi magana a kan jima, watau sana'ar gyaran fata. Abu biyu suka sa muka ɗauko wannan magana. Na fari, a babbar sallar da ta wuce mun ga fatun layya da yawa an watsar a bayan gidaje, rana ta ƙone su, karnuka suna ja. Na biyu, a wani zama da muka yi a gida, wani dattijo ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon buzu da ya gada wurin mahaifinsa, ya shimfiɗa a gaban samari ya ce su faɗi dabbar da ke da wannan fata. Wani ya ce akuya, wani ya ce ɗan maraƙi. Ba wanda ya ce barewa. Dattijon ya naɗe abinsa bai ce kome ba. Mu kuwa muka ga ya kamata a rubuta abin da aka sani tun masu sanin suna da rai.

ƘASAR DA NAMUN DAJINTA

Kowa ya san ƙasarmu tana bakin iyaka. Kudu da mu ƙasar noma ce, arewa da mu ƙasar kiwo. Kwarin Tarka ya taso daga Damargu ya nufi yamma ta ƙasar Dakwaro, ya gangara wajen Madawa. A cikin wannan kwari da tafkunan da ke cika da damina itacen bagaruwa yake fitowa, gama shi itace ne mai son ƙasar laka da wurin da ruwa ke kwanciya. A kan tuddan rairayi kuwa, a da, namun daji ne ke kiwo: barewa, da mena mai dogon wuya da farin gindi, da jimina. Can arewa kuma akwai warwaji mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, wanda yakan gangaro kudu da rani neman ciyawa.

To, ga fata a tudu, ga maganin jima a kwari. Hausawa da Dagirawa da Buzaye da Fulani da suka zauna a Damargu duk sun san aikin fata, kowa da irin hannunsa. A wurin Hausawa akwai majema masu jeme fata, akwai dukawa masu ɗinka ta. A wurin Buzaye matan maƙera ne suka fi shahara da wannan aiki, bagaruwa kuwa aggar suke ce mata. Bororo kuma har yau ba su rabu da walki ba.

FATAR DAJI DA FATAR GIDA

Dattawa sun rarrabe mana fata iri biyu. Fatar gida ita ce ta akuya da tunkiya da saniya da raƙumi. Da ita ake salkar ruwa, da wasakin jan ruwa a rijiya, da taikin zuba hatsi, da burgame, da takalmi, da kayan doki, da igiya. Mutumin da ba shi da salka da wasaki a Damargu, inda rijiya take da zurfi ƙwarai, ba shi da halin zama. Saboda haka jima a wurinmu ta zama dole kamar noma.

Fatar daji kuwa maharba ke kawo ta, ba ta da yawa, shi ya sa take da daraja. Fatar barewa siririya ce, ba ta da kauri kamar ta akuya, ba ta jure aikin ruwa. Amma in ta sami gwanin majemi takan yi laushi kamar ƙyalle. Akan bar ta da gashinta a yi ɗan buzu na salla, ko a cire gashin a yi gafakar littafi, ko zabira, ko a rufe laya. Malamai sun daɗe suna nemanta, domin a ƙasashen Larabawa ma tun da can ana ambaton fatar barewa cikin abubuwan da ake rubutu a kai. Fatar warwaji dabam take. Ita tauri ake so gare ta, musamman wajen wuya da kafaɗa inda ta fi kauri. Akan miƙe ta ta bushe ta ƙandare, a yi babbar garkuwar nan da mayaƙan Buzaye ke riƙewa a kan raƙumi.

YADDA AKE JIMA

Ga yadda aikin yake, kamar yadda iyayenmu suka yi shi, kuma kamar yadda sauran majema ke yi a Damagaram da Kano. Mun tsawaita a nan da gangan, don wanda ya ajiye wannan takarda ya sami abin koyi.

Jima tun daga fiɗa take farawa. Wuƙa mai tsini takan huda fata, hudar da ba ta gyaruwa. Gwanin mafiɗi da dunƙulen hannu yake raba fata da nama, wuƙa sai inda ta zama dole. In salka ake so, ba a tsaga ciki, sai a zare fatar ɗungum kamar an tuɓe riga. In ba a ranar za a fara aiki ba, sai a shafe cikin fatar da gishiri, ko a miƙe ta a inuwa inda iska ke bi. Wanda ya shanya ɗanyar fata a kan rairayi mai zafi ya dafa ta ke nan. A ido lafiya lau take, amma ranar da aka jiƙa ta sai ta riƙa saɓulewa.

Sa'an nan sai jiƙo. Busasshiyar fata takan kwana ɗaya ko biyu a ruwa har ta koma kamar ɗanya, a wanke jini da ƙasa. Daga nan a tsoma ta a ruwan toka, wasu su ƙara kanwa, ta yi kwana biyu ko uku ana juyawa. Alamar ta yi ita ce in ka murza da yatsa gashi ya biyo hannunka. Sai a ɗora ta a bayan turmi ko a kan gungumen icce mai santsi, a kankare gashin da wuƙa mai dakushi. A juya ta, a kankare sauran nama da kitse na ciki. A nan ne fatar barewa ke gwada majemi, gama in ya danna hannu kamar yadda ya saba da fatar bunsuru, sai ya yage ta.

Fatar da ta fito daga toka takan kumbura, ta yi tauri. In aka kai ta bagaruwa a haka, za ta fito tana karyewa. Don haka sai a daka ganyen fataka, wannan tsiro mai yaɗo mai farin ruwa kamar nono da ke fitowa a saura, a jiƙa, a sa fatar a ciki. Inda babu fataka akan yi da kashin tantabara ko na kaji. Wannan shi ke kashe ƙarfin toka, ya saki jikin fatar. Warin majema da ake faɗa, yawancinsa daga nan yake. Aikin yana son ido, domin in fatar ta wuce lokacinta a ciki, ruɓa za ta fara.

Bayan an wanke ta sarai, sai uwar aikin, watau bagaruwa. Akan samo ƴaƴan da suka ƙosa suka bushe, a daka a turmi, a sheƙe a fitar da ƙwayar, a jiƙa garin a kwatarniya. Ba a jima a tukunyar ƙarfe, gama ƙarfe da ruwan bagaruwa in suka haɗu baƙi suke yi, su ɓata fata. Ba a kuma fara sa fata a ruwa mai ƙarfi. Tsohon ruwan da aka riga aka yi aiki da shi ake fara ba ta, sa'an nan sabo. Dalili kuwa shi ne, ruwa mai ƙarfi yakan kama bayan fatar nan da nan ya toshe ta, cikinta ya zauna ɗanye. Kullum sai an fito da ita an cuɗa, an matse, an mayar. Siririyar fata kwanaki kaɗan suka ishe ta, ƙirgin sa kuwa sai ya yi makonni. In majemi yana so ya tabbata, sai ya yanki bakin fatar wajen wuya ya duba. In akwai farin layi a tsakiya, da saura. In launi ɗaya ne daga sama har ƙasa, ta jemu.

Masu ilmin zamani sun bayyana abin da ke faruwa a cikin kwatarniyar nan. Wannan baurin da ke kama harshe in ka tauna bagaruwa, shi ne ke shiga cikin zaruruwan fata ya ɗaure su, har ƙwayoyin da ke ruɓar da nama su rasa abin ci. A ƙasar Sudan ma da ita suke jima, garad suke kiranta.

Saura laushi. Jemammiyar fata in aka bar ta ta bushe haka nan, sai ta zama kamar faifai. Tun tana da sauran danshi ake shafa mata man shanu ko man gyaɗa, a naɗe ta ta sha. Sa'an nan a yi ta murza, a taka gefe guda da ƙafa a ja da hannu, a goga ta a kan turke, wasu har su kirɓa ta a turmi. Ba a hutawa sai ta bushe a hannu. Wanda ya gaji ya ajiye ta da danshi, gobe sai ya sake daga fari. Buzu mai gashi kuwa ba ya shiga toka ko kaɗan. Garin bagaruwa ake kwaɓawa a shafe cikinsa, a ninke, a riƙa sabuntawa har ya kama, kana a ba shi mai a murza.

In ana son launi, ja daga karan dafi yake fitowa, a jiƙa shi da ruwan kanwa ko na toka. Baƙi daga tsatsar ƙarfe da kashin maƙera. Rawaya daga gangamau.

Ƴan'uwanmu da suka yi karatu sun ba mu labarin cewa mutanen asali na Amurka, su ma da hannu suke gyara fatar barewar ƙasarsu, wadda ƙahonta ke da rassa. Su ƙwaƙwalwar dabbar suke dafawa su shafe fatar, su yi ta ja har ta bushe, sa'an nan su turara ta da hayaƙi don kada ta ƙandare in ruwa ya taɓa ta. Maganinsu dabam da namu, amma wahalar murza da ja duk ɗaya ce.

ZAMANIN AYARI

Damargu hanya ce tun da daɗewa. Ayarin Abzinawa mai ɗauke da gishirin Bilma ta nan yake bi zuwa ƙasar Hausa, haka kuma fataken Gadamus da Tarabulus. A watan Janairu na 1851 Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tagelel ta Damargu tare da ayarin Kel Ewe. A nan ya rabu da Richardson wanda ya nufi Damagaram, daga baya Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuwa ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Cikin abin da ya rubuta a kan kasuwar Kano ya ambaci takalma, da jemammun fatu, da jajayen fatun da aka rina da karan dafi, waɗanda ake ɗauka har Tarabulus. Ya ƙiyasta kuɗin waɗannan fatu wajen wuri miliyan 5 a shekara.

Waɗannan fatu su ne Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, domin daga bakin tekun arewa suke sayenta, ba su san daga ƙasar Hausa ta fito ba. Da ita suke rufe littattafai masu tsada. A shekarun 1870 gashin jimina ya yi kasuwa ƙwarai a Turai, Damargu kuwa tana cikin wuraren da aka fi samunsa. Da kasuwar gashi ta faɗi, sai jemammiyar fatar akuya ta zama babban kayan ayari a ƙarshen ƙarni na 19, ana kai ta Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya wuce da ita har Amurka. Wani masani mai suna Stephen Baier ya bi diddigin wannan ciniki na Damagaram da Damargu a littafin da ya fitar a 1980.

Abin lura a nan shi ne, fatar da ta ƙetare hamada jemammiya ce. Ladan jima, da kuɗin bagaruwa, da kuɗin rini, duk a ƙasar Hausa suke zama. Kuma fatar akuya ce ta riƙe kasuwa. Fatar barewa ba ta taɓa zama kayan fatauci mai yawa ba, abar gida ce da kyauta.

ZUWAN NASARA DA JIRGIN ƘASA

A 1899 Faransawa suka ci Damagaram, a ƙarshen wannan shekara kuma rundunar Foureau da Lamy ta ratsa Damargu daga Abzin. A 1911 abu biyu suka haɗu: Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano. Kayan da raƙumi ke kai wa teku cikin watanni, jirgi ya koma kai shi cikin kwanaki. Ayarin Tarabulus ya mutu. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta biyo baya, sa'an nan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, wanda ya karya dukiyar Abzinawa.

Kamfanonin Turawa da suka buɗe kanti a Kano ba su son jemammiyar fata kamar fataken da. Ɗanya busasshiya suka fi so, domin tun 1884 aka fito da wata hanyar jima da sinadarin kurom a Amurka, wadda ke gama aiki da sauri a masana'anta. Tun daga nan fatarmu ta fara fita ɗanya, ladan jima ya koma wata ƙasa. Bayan samun mulkin kai a 1960 an yi ƙoƙarin gyara wannan. An kafa gidan kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963, saboda fatarta tana cikin waɗanda aka fi so a duniya, aka kuma kafa masana'antar jima ta SONITAN a can, wadda daga baya ta rufe. Majemar hannu dai ita ce ba ta mutu ba, a Damagaram da Gamkalle ta Yamai da sauran wurare.

YADDA DAJI YA ƘARE

Maharbin da, mai baka da tarko da kare, in ya sami barewa ɗaya ya gode Allah ya koma gida. Bindigar zamani da mota su suka sauya lissafi, gama da mota akan kori garke har ya faɗi don gajiya. Gonaki kuma suka yi ta hawa arewa, har suka wuce iyakar noma da dokar 1961 ta shata. An gina rijiyoyi a wuraren da a da ba mai zama da rani sai namun daji, dabbobin gida suka cinye ciyawar. Sai farin 1973 zuwa 1974, sai na 1984 wanda muke kira El-Buhari. Wanda ya ga waɗannan shekaru ya ga fatun mushe tuli a kasuwa, ba mai taya su.

Warwaji ya ɓace daga Nijar a shekarun 1980, a shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu shi a dajin duniya duka. Sai a 2016 aka maido da waɗansu ƙasar Cadi daga cikin waɗanda aka kiwata a tsare. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ke amsa sunanta, ba ta wuce ƴan ɗaruruwa kaɗan ba a daji, a Nijar sai wajen Tarmit da duwatsun Abzin. Barewa tana nan jefi-jefi a gandun Gadabeji da aka keɓe tun 1955, da gandun Tarmit da Tin Tumma na 2012. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara abin da aka hana kashewa da abin da sai da izini.

Saboda haka kada wani ya karanta wannan tarihi ya ce zai nemo barewa ya gwada. Laifi ne a gaban hukuma, hasara ce kuma ga jikokinmu. Buzun dattijon nan da muka ambata, a adana shi a riƙa nuna wa yara.

A gida kuma roba ta shigo. Jarka ta kori salka, gugar roba ta kori wasaki, buhu ya kori taiki, takalmin roba ya cika kasuwa. Ƙirgin sa ma yanzu sau da yawa kudu ake kai shi a babbake a ci ganda. Ɗan majemi ya duba ya ga ba riba, ga wari, ga gori, sai ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani. Ba mu ga laifinsa ba, gama yawancinmu haka muka bar sana'ar iyayenmu.

ABIN DA YA RAGE A HANNUNMU

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Barewa ta tafi, amma akuya da tunkiya suna nan a kowane gida, bagaruwa tana nan a kwari, dukawan Damagaram da Agadas da na Ƙofar Wambai ta Kano har gobe suna sayen fatar da aka jeme da kyau. Turawan da suka kawo kurom ma, waɗansunsu sun koma neman fatar da aka jeme da itace. Abin da ke shirin ɓacewa shi ne sanin aikin, domin yana cikin hannun tsofaffi ƴan kaɗan, maza da mata.

Don haka muna roƙon ƴan ƙungiya abu huɗu.

1. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa da ta san jima, ya zauna da ita ya ɗauki maganarta a waya ko a takarda, ya aiko wa magatakarda. A tambayi sunayen kayan aiki, da yawan kwanaki, da abin da ake yi in fata ta ɓaci.

2. A babbar salla mai zuwa, kowane reshe ya tanadi gishiri tun da wuri. A feɗe da hankali, a sa gishiri a ranar, a tara fatun wuri ɗaya a inuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. Muna roƙon masu gari da dattawa su tsawata a kan saran bagaruwa a kwari da bakin tafki. Mai son ƴaƴanta ya tsinka, ya bar uwar.

4. A taron shekara a duba ko asusun ƙungiya zai iya ɗaukar nauyin yara biyu ko uku su koyi jima da dukanci a Damagaram, su komo gida da sana'a.

In akwai inda muka yi kuskure cikin wannan tarihi, iyayenmu su gafarce mu su gyara mana, za mu buga gyaran a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya maido da matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Kwamitin Tarihi na Ƙungiya